Ɗaurin dole ga mai maimaita laifi: shin dokar laifi uku ta Amurka za ta yi mana magani?

Wani mai karatu daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Malam, yaran nan masu ƙwacen waya, yau a kama su, gobe ka gan su a unguwa suna yawo, jibi su sake soke wani. Na ji an ce a Amurka akwai dokar da in mutum ya yi laifi sau uku, ɗaurin rai da rai ne kai tsaye, alƙali ba shi da ta cewa. Ta yi musu aiki kuwa? Me zai hana mu yi irinta?"

Malam, Allah ya saka da alheri, kuma Allah ya ji ƙan waɗanda aka kashe a kan wayar hannunsu. Na yarda da rabin maganarka ɗari bisa ɗari. Wanda aka hukunta, ya fito, ya koma ruwa, bai kamata a auna shi da ma'aunin sabon shiga ba, kuma kusan kowane tsarin shari'a a duniya ya amince da haka. Inda muka rabu shi ne a ɗaure hannun alƙali, a rubuta adadin shekaru tun a majalisa, a ce ko mene ne laifin na uku, ko wane ne ya aikata, hukuncin ke nan. An gwada wannan, kuma inda aka fi gwada shi da ƙarfi ita ce jihar Kalifoniya, don haka can za mu leƙa.

Dokar daga baƙin ciki ta fito. A shekarar 1992, a garin Fresno, wasu mutum biyu a kan babur suka tare wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Kimber Reynolds a bakin wani gidan abinci, za su fizge mata jaka. Ta ƙi saki, ɗaya ya harbe ta a ka. Dukansu tsofaffin masu laifi ne da suka sha shiga gidan yari suna fita. Mahaifinta, Mike Reynolds, mai ɗaukar hoto a wuraren biki, ya ɗaura ɗamarar neman doka. Da farko majalisar jihar ta yi watsi da shi. Sai a watan Oktoba na 1993 wani mutum mai suna Richard Allen Davis ya shiga wani gida a garin Petaluma da dare, ya ɗauke Polly Klaas, 'yar shekara 12, a gaban ƙawayenta, ya kashe ta. Aka duba tarihinsa, aka ga an taɓa yanke masa shekara 16 a kan satar mutum, ya yi rabi aka sake shi 'yan watanni kafin wannan ta'asa. Daga nan babu ɗan siyasar da ya isa ya ce a dakata a yi nazari. Gwamna Pete Wilson ya sa hannu a watan Maris na 1994, a Nuwamba kuma jama'a suka tabbatar da ita a ƙuri'ar raba gardama da kusan kashi 72 cikin 100. Sunanta an aro shi ne daga wasan besbol, inda mai bugu yake fita in ya kuskure sau uku. Jihar Washintan ta riga su yin tata a 1993, gwamnatin tarayya ma ta yi a 1994, kuma kafin shekaru kaɗan jihohi sama da ashirin sun bi sahu. Amma ta Kalifoniya ta fi kowace faɗi.

Ga yadda take. In mutum yana da babban laifi ɗaya a baya daga cikin jerin munanan laifuka, irin su kisa, fyaɗe, fashi, satar mutum, ko fasa gidan da mutane ke zaune, to duk babban laifin da ya sake yi za a ninka masa hukuncinsa. In yana da biyu, na uku ɗaurin rai da rai ne, kuma ba zai ko nemi a duba sakinsa ba sai ya cika shekara 25. Tarkon yana cikin na ukun nan. Doka ba ta ce sai ya zama mummunan laifi ba. Kowane laifi da ake lissafa shi a cikin manya ya wadatar, kuma a dokar jihar ta lokacin, ƙaramar sata tana iya zama babban laifi in mutum ya taɓa yin sata a baya. Laifin da ya shekara ashirin ma yana nan a lissafi, ba ya tsufa. Har wasu laifukan da mutum ya yi yana ɗan shekara 16 ana ƙirga su.

Dubi Leandro Andrade. Tsohon soja ne, ɗan shekara 37, ƙwayar hiroyin ta kama shi tun yana aikin soja. A watan Nuwamba na 1995 ya shiga wani kantin Kmart ya cusa kaset ɗin bidiyo guda biyar a wando, mai gadi ya kama shi a bakin ƙofa. Bayan mako biyu ya shiga wani reshen ya ɗauki guda huɗu, aka sake kama shi. Kuɗin kaset tara ɗin gaba ɗaya dala 153 ne da 'yan santi. Bai riƙe makami ba, bai taɓa jikin kowa ba, kayan ma ba su bar harabar kantin ba. Amma a 1983 an taɓa samunsa da laifin fasa gidaje. Kotu ta lissafa kowace sata a matsayin laifi na uku mai zaman kansa: shekara 25 sau biyu, a jere. Ma'ana sai ya kai shekara 87 a duniya kafin ya sami damar roƙon a sake shi. Shari'ar ta je har Kotun Ƙolin Amurka, lauyoyinsa suka ce wannan ya saɓa wa kundin tsarin mulki da ya hana azabar da ta wuce kima. A watan Maris na 2003 alƙalai biyar suka ce hukuncin ya tsaya, huɗu suka ƙi. A rana ɗaya suka tabbatar da na Gary Ewing, wanda ya ɗauki sandunan wasan golf guda uku, kowace dala 399, ya sami shekara 25 zuwa rai da rai. Kafin su akwai Jerry Dewayne Williams da aka yanke wa irin wannan hukunci a 1995 saboda ya karɓe yankan burodin fiza daga hannun wasu yara, sai daga baya aka rage masa zuwa shekara shida.

Na san abin da za ka ce: ai ba don kaset aka ɗaure shi ba, don halinsa ne na ƙin tuba. Haka ma lauyoyin gwamnati suka faɗa, kuma hujjar tana da tushe. Tun a 1972 wasu masana ƙarƙashin Marvin Wolfgang suka fitar da bincike a kan yara maza kusan 10,000 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya. Suka gano kashi 6 cikin 100 kacal na yaran su ne suka aikata fiye da rabin duk laifukan da aka rubuta a kan rukunin. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san gaskiyar wannan ba sai an kawo masa takarda ba: a layi guda, mutum uku ko huɗu ne ke hana kowa barci. In aka kawar da su, unguwa ta huta.

Matsalar ita ce ƙirga yawan hukuncin da aka yanke wa mutum ba ya nuna maka ko yana cikin waɗannan 'yan tsirarun masu haɗari. Abin da yake nunawa shi ne sau nawa aka kama shi. Wanda ake yawan kamawa kuwa sau da yawa shi ne ɗan ƙwaya, ko mai taɓin hankali, ko wawan ɓarawon da ke sata a gaban kyamara. Gwanin da ya iya takunsa, mai iyayen gida da lauyoyi, yana iya shekara goma yana ɓarna ba a taɓa samunsa da laifi ko sau ɗaya ba.

Sai batun shekaru, wanda a ganina shi ne mafi ƙarfin hujja kuma aka fi mantawa da shi. Abu ne da aka gani a ƙasashe daban-daban, a zamani daban-daban: aikata laifi yana hauhawa ne daga balaga, ya kai ƙololuwa a wajen shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, sannan ya dinga sauka. Aure, haihuwa, sana'a, gajiyar jiki, duk suna janye mutum daga titi. To kafin a kama mutum sau uku, a yi masa shari'a sau uku, ya yi zaman kaso biyu, galibi ya haura talatin. Wato dokar tana damƙe shi ne daidai lokacin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ta riƙe shi har ya kai sittin ko saba'in, shekarun da ko an buɗe masa ƙofa da ƙyar zai iya haura katanga. Yaron da ke riƙe da wuƙa yau, ɗan shekara 19, wanda shi ne abin tsoro, dokar ba ta kai gare shi ba tukuna. A Kalifoniya kuɗin riƙe fursuna ɗaya a shekara yanzu ya haura dala 100,000, tsoho mai ciwon suga da hawan jini kuma ya fi haka nesa ba kusa ba.

Shin laifi ya ragu? Ya ragu sosai a Kalifoniya cikin shekarun 1990, kuma masu goyon bayan dokar har gobe da wannan suke kafa hujja. Sai dai raguwar ta fara tun kafin a sa hannu a dokar, kuma jihohin da ba su yi irinta ba su ma sun ga irin wannan sauƙi a daidai lokacin. Farfesa Franklin Zimring na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, da abokan aikinsa, sun bi takardun waɗanda aka kama kafin dokar da bayanta, suka ga waɗanda dokar ta shafa ƙaramin kaso ne na masu aikata laifi, don haka ba za a jingina mata yawancin raguwar ba. Akwai kuma gwajin da jihar ta yi wa kanta ba da niyya ba. Kowace gunduma tana da babban mai gabatar da ƙara nata, wasu sun rungumi dokar, wasu sun yi mata riƙon sakainar kashi. Ofishin da ke yi wa majalisar jihar nazari ya duba a 2005, ya ga gundumar Kern tana amfani da ita fiye da San Faransisko ninki goma da ɗoriya, amma da aka kwatanta gundumomin da suka tsananta da waɗanda suka sassauta, raguwar laifi kusan ɗaya ce. A lokacin mutum kusan 43,000 ke tsare a ƙarƙashin dokar, kwata na duk fursunonin jihar, kimanin 7,500 daga cikinsu a kan laifi na uku.

Adalci ne in faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. Masana tattalin arziki biyu, Eric Helland da Alexander Tabarrok, sun fitar da bincike a 2007 da ya nuna waɗanda ke da laifi biyu a wuyansu sun rage aikata abin da zai sa a kama su da kashi 17 zuwa 20 cikin 100. Tsoro ya yi aiki ke nan, gwargwado. Amma su da kansu suka lissafa cewa kowane laifi ɗaya da aka kauce wa ta wannan hanya ya ci kimanin dala 148,000, kuma da an zuba kuɗin wajen ƙara 'yan sanda da an hana laifuka da yawa fiye da haka. Wani binciken na Thomas Marvell da Carlisle Moody a 2001 ya ce kisan kai ma ƙaruwa ya yi a jihohin da suka yi dokar. Masana ba su haɗu a kan wannan ba, amma dalilin da suka kawo abin tsayawa a yi tunani ne, musamman a gare mu. In hukuncin ƙwace waya da hukuncin kashe mai wayar sun zama kusan ɗaya, me zai hana ɓarawo ya kawar da wanda ya ga fuskarsa?

Abin da masu nazarin laifuka suka fi haɗuwa a kai, irin su Daniel Nagin, shi ne tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Matashin da ya ɗirka ƙwaya ya tsaya a bakin titi bayan magariba yana jiran mai waya ba ya lissafin shekara bakwai ne ko ashirin da biyar. Lissafinsa ɗaya: za a kama ni ko ba za a kama ni ba? In an kama ni, zan fito? Hausawa sun ce kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ɓarawo ya san da ranar, amma muddin ya tabbata sai bayan kwana dubu za ta zo, tsananinta ba ya hana shi fita yau.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayina na wanda ya san yadda takarda ke tafiya daga caji ofis zuwa kotu. Mutane suna zaton in an hana alƙali zaɓi, an kawar da son rai daga shari'a. Zaɓin yana nan, hannu kawai ya canza. Ya bar alƙali, wanda ke zaune a bainar jama'a, yake rubuta dalilinsa, ake iya ɗaukaka ƙara a kansa, ya koma wurin wanda ke rubuta tuhuma a ofis, inda ba mai gani.

Shari'ar Paul Hayes a jihar Kentaki ta nuna wannan ƙarara. An tuhume shi da yin cakin banki na jabu na dala 88 da santi 30, laifin da hukuncinsa shekara biyu ne zuwa goma. Mai gabatar da ƙara ya zaunar da shi tare da lauyansa ya ce: ka amsa laifi, ka hutar da kotu, in nema maka shekara biyar, in ka ƙi, zan koma in ƙara maka tuhuma a ƙarƙashin dokar masu maimaita laifi, tunda kana da biyu a baya, kuma hukuncinta rai da rai ne. Hayes ya ce shi dai a yi shari'a. Aka yi, aka same shi da laifi, alƙali ba shi da wata hanya sai ɗaurin rai da rai. A 1978 Kotun Ƙoli ta ce mai gabatar da ƙara bai karya doka ba. Ka lura, shi kansa mai ƙarar ya ga shekara biyar ta isa wannan laifi. Ragowar shekarun hukuncin neman haƙƙinsa ne na a saurare shi. A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi amsawa suke yi ba tare da an kira shaida ba, kuma irin wannan barazana na cikin dalilai. Wanda bai yi ba ma, in aka ajiye masa shekara uku a dama, rai da rai a hagu, sai mai taurin zuciya ne zai ce a je kotu.

Kalifoniya da kanta ta dinga ja da baya. Tun a 1996 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa alƙali yana da ikon ya ƙi lissafa wani tsohon laifi in adalci ya buƙaci haka. Gidajen yarin da aka gina don mutum kusan 80,000 suka cika har suka kusa ninkawa, ana jera gadaje hawa uku a ɗakunan motsa jiki, marasa lafiya na mutuwa a layin ganin likita. Dokar laifi uku ba ita kaɗai ta jawo ba, amma tana da kaso. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa jihar rage cunkoso. A 2012 jama'ar da suka kafa dokar suka sake fita, kusan kashi 69 cikin 100 suka amince a gyara ta, a ce laifi na uku ma sai ya zama mummuna ko na zubar da jini. Cikin masu goyon bayan gyaran har da babban mai gabatar da ƙara na Los Anjalas, Steve Cooley, wanda ba a san shi da tausayin ɓarayi ba. Kakan Polly Klaas, Joe Klaas, tun kafin nan ya daɗe yana yawon neman a gyara dokar da aka yi a sanadin kisan jikarsa. Mutum kusan 3,000 suka sami damar a sake duba hukuncinsu, kuma cikin waɗanda aka saka, ƙalilan ne suka koma gidan yari a shekarun farko. Ba a soke dokar ba, tana nan a kan masu manyan laifuka. A 2024 ma masu zaɓe, da suka gaji da satar kantuna, sun sake tsananta wa mai ƙaramar sata karo na uku, amma iyakarsa shekara uku, kuma akwai zaɓi a ciki.

Sauran ƙasashe ma haka suke ta kai da kawo. Faransa ta kafa mafi ƙarancin hukunci ga masu maimaita laifi a 2007 zamanin Shugaba Sarkozy, ta soke a 2014. Niyu Zilan ta yi a 2010, ta soke a 2022, ta dawo da wata mai sassauci a 2024. A tsakani an yanke wa wani mai taɓin hankali shekara bakwai saboda ya sumbaci wata mata a titi ba da yardarta ba, sai da Kotun Ƙolinsu ta warware a 2021. Ingila ta fi su dabara. Dokarta ta 1997 ta ce mai fasa gida karo na uku ba zai sami ƙasa da shekara uku ba, amma laifin iri ɗaya ne duka ukun, adadin bai wuce hankali ba, kuma an bar wa alƙali ƙofar kaucewa in ya ga za a yi zalunci.

Mu dawo gida. Najeriya ba baƙuwar hukuncin dole ba ce. Tun 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta yi dokar soja da ta sa hukuncin fashi da makami ya zama kisa, ba sassauci. An ɗaure Ishola Oyenusi a jikin ganga a bakin teku a Legas an harbe shi a 1971 a gaban dubban mutane, an harbe Lawrence Anini a Benin a 1987. Har yau dokar tarayya tana cewa fashi ba makami bai gaza shekara 21 ba, da makami kuwa kisa ne. Wanda ya zare wuƙa ya karɓi waya, a idon doka ɗan fashi da makami ne, ko karon farko ne. Hukuncin da ke rubuce ya riga ya kai maƙura, kuma mutum sama da 3,000 na zaune suna jiran a zartar musu da kisa. Duk da haka kai da kanka ka ce kana ganin yaran a unguwa washegari.

Dalilin bai da alaƙa da taushin alƙali wajen yanke shekaru. Yawancinsu ba a kai ga yanke musu komai ba. Wani a caji ofis maganar ke mutuwa, wani babba ya buga waya, ko iyaye su zo a sasanta. Wani a kai shi kotun majistare da ba ta da hurumin sauraron fashi, a tura shi gidan gyaran hali ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Wanda aka yi wa ƙwacen ya zo kotu sau biyu, a ɗage, ya ga kuɗin mota da ranar kasuwar da yake asara sun fi kuɗin wayar, ga 'yan'uwan yaron suna harararsa a bakin kotu, sai ya daina zuwa. Ba shaida, a kori ƙara. Shi ya sa kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran halinmu masu jiran shari'a ne. Dokar laifi uku kuwa hukuncin kotu take ƙirgawa. Yaron da aka kama sau shida ba a taɓa yanke masa ba, a wurinta sabon shiga ne.

Sannan wa zai tabbatar da cewa shi ne? Amurka ta iya gudanar da dokarta ne saboda duk wanda aka kama ana ɗaukar hoton yatsunsa, a danna kwamfuta tarihinsa ya fito. A nan yaro zai ce sunansa Sani a wannan ofishi, ya zama Auwalu a na gaba, in ya tsallaka Kaduna ko Katsina kuwa shafinsa fari fat. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci a kafa rajistar masu laifi ta ƙasa a hannun 'yan sanda, a dinga ɗaukar hoto da yatsun duk wanda aka kama, a aika da hukuncin kotu can. Ranar da majistare a Kano zai iya ganin hukuncin da aka yanke wa mutum a Zariya kafin ya buɗe baki, ranar ce maganar mai maimaita laifi za ta fara ma'ana. In aka kafa ɗaurin dole kafin wannan, wanda zai faɗa ciki shi ne talakan da ɗan sanda ya gane fuskarsa kuma ba shi da mai tsaya masa. Ka kuma yi tunanin farashin da za a sa wa canza tuhuma daga fashi zuwa sata, in bambancinsu ya zama rayuwar mutum gaba ɗaya.

Wani zai ce ai Musulunci ma ya tsananta wa mai maimaita sata. Gaskiya ne, a mazhabar Malikiyya haddin yana ƙaruwa daga karo zuwa karo. Amma dubi shingayen da aka kewaye shi da su. Sai abin da aka sata ya kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku. Sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa. Sai da shaidu biyu adalai ko iƙirari, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa. Kowane karo sai an cika waɗannan sharuɗɗa daga farko, tsohon laifi ba ya cike giɓin sabo. Abin da bai kai haddi ba kuwa ta'aziri ne, wanda aka bar wa alƙali ya auna mutum da halinsa da girman abin da ya yi. Dokar Kalifoniya ta 1994 akasin haka ta yi, ta ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba ta ɗora masa hukuncin kisan kai saboda abin da ya wuce.

Da majalisar jiha za ta nemi shawarata, zan ce a rubuta ƙarin hukunci ga wanda ya sake aikata laifin makami ko zubar da jini bayan an taɓa yanke masa a kan irinsa, a ɗaga iyakar da alƙali zai iya kaiwa, a wajabta masa ya duba tarihin mutum, in kuma ya sassauta ya rubuta dalili, gwamnati ta sami ikon ɗaukaka ƙara a kai. Tsohon laifi ya daina shiga lissafi in mutum ya shekara goma bai sake ba, don wanda ya tuba ya ga amfanin tubarsa. Beli ga wanda aka sake kamawa da makami alhali yana kan wani belin ya zama abu mai wuya ƙwarai, domin a nan ne mafi yawan abin da kake kuka da shi yake faruwa. Ɗan ƙwayar da ke satar ƙananan kaya a tura shi magani, a kuma sa shi aikin gayya ƙarƙashin sa ido irin wanda dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanada, maimakon a cusa shi ɗaki ɗaya da 'yan fashi ya fito da sababbin abokai.

Kuɗin da za a kashe wajen ciyar da mutum shekara ashirin da biyar kuma a karkatar da shi ga abin da zai sa a yanke hukuncin farko cikin wata uku: a ware kotun da za ta dinga sauraron ƙarar ƙwace kullum, a ɗauki bayanin wanda aka yi wa laifi da wuri, a biya masa kuɗin mota, a kare shi daga barazana. A kuma bi wayar. Kowace waya tana da lambarta ta musamman da kamfanin sadarwa ke gani duk lokacin da aka sa mata layi, kuma yaron da ya ƙwata ba shi ke amfani da ita ba, akwai mai shagon da ke karɓa a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, ya goge ta, ya sayar ko ya wargaza ta ya sayar da kayan. Ɓarawon zaune guda ɗaya yana ciyar da yara goma a titi, yana da shago da adireshi, yana da dukiyar da yake tsoron rasawa, kuma karɓar kayan sata laifi ne da ke cikin Final Kod, kundin laifuka na Arewa, tun 1960.